Kunnen Baba

Babana mai gyaran rediyo ne, amma irin tsoffin nan masu akwatin katako, waɗanda sai ƙwayayen gilashin cikinsu sun yi ja kafin su fara magana. Na zamani kuwa, cewa yake muryarsu kamar an jefa mutum cikin gwangwani.

Da kunne ya ci abinci. Yakan rufe ido, ya riƙa murza ɗan noti a hankali har shuuu ɗin tasha ya kwanta, muryar mai labarai ta fito da kauri. Wasu rediyon suna da ɗan koren ido da ke tsukewa in an kama tasha. Baba ya raina shi. "Ido ba ya sauraro," in ji shi.

Sai kunnen ya fara tafiya. Ya zagi tashar, ya zagi hadari, ya canja ƙwayaye har muka gaji da shara. Da gaskiya ta fito cewa shi ne ba ya ji sosai, Inna ta ɗauko kujerarta ta dawo shago, wai zafi ya yi yawa a cikin gida. In yana murzawa ya zo daidai, sai ta taɓa ƙafar bencinsa da tata, shi kuma ya ɗaga kai yana murmushi kamar shi ya ji. Haka suka daɗe, ba wanda ya gane. Ni dai tausayi ya sa na daina leƙa shagon.

Ran nan wani tela ya dawo da rediyonsa. "Baba, tashar ta kamu, amma gurnani take kamar janareta."

Bayan ya tafi, Baba ya juyo. "Ke, ba ki ji gurnanin ba?"

Inna tana kallon bakinsa. Sai da ya maimaita.

"Malam," ta ce da ƙarfi, "ai ni ma tun bara ba na ji. Koren idon nake kallo."

Na zaci faɗa zai yi, don ba ya rasa abin faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kunna rediyon telan, ya jira ƙwayayen suka yi ja. Ya ɗora tafinsa a kan katakon da gurnanin ke girgizawa, ya kamo hannunta ya ɗora kusa da nasa.

Ni kaɗai a shagon nake jin gurnanin, kuma ba su tambaye ni ba.