Ƙyallen Ankon Hafsat

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, in ka ce Sa'adatu sai a tambaye ka wacce. In ka ce Sa'a Mai Ƙyalle kuwa, kowane mai moto, wato babur ɗin haya, zai kai ka ƙofar gidanta, can bakin unguwa ta wajen kasuwar Kokoro. Gajeruwar mace ce, ga faɗa, ga kyautar abinci kamar ba ta san zafin nema ba. Amma ƙyalle ɗaya, ko bai wuce tafin hannu ba, sai dai ka mutu da kwaɗayinsa.

Tun tana amarya ta fara tarawa. Mijinta, marigayi Mahaman, atamfa yake sayarwa, kuma kusan duk ankon unguwa a shagonsa ake fitarwa. Ita kuma sai ta bi teloli gida-gida tana karɓar ragowa. Aure ne, suna ne, walimar dawowa daga Makka ce, babu wanda ya wuce ta. Da ƙyallayen take haɗa bargo, faci kusa da faci, ɗinkin hannu. Sai dai abin da take ajiyewa ya ninka wanda take ɗinkawa, kuma sabo fil kawai take ajiyewa. Wanda ya taɓa shiga ruwa, a wurinta tsumma ne.

To Bangi ba garin ajiyar tufa ba ne. Damina ta cinye yawancin shekara, danshi ya shiga ko'ina, ga gara, ga fumfuna. Sa'adatu ta san maganinsu. Akwatunan ƙarfe ne a kan bulo, nesa da bango, cikinsu kafur da busasshen ganyen dogon yaro. Da ruwa ya ɗauke a Disamba, sai ta ɗaura igiyoyi a tsakar gida ta yi shanya. Ranar nan mata kan cika gidan, kowacce na neman ankon bikinta.

"Kalla da ido, Zulai," in ji ta ga maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun ƙuruciya. "Hannun nan naki ba ya rabo da manja."

A cikin duka akwai guda ɗaya da ko a igiya ba ta yarda ta rataya shi, a cinyarta yake shan iska. Kore ne mai zanen tsuntsaye ruwan ɗorawa, ankon bikin 'yarta tilo, Hafsat. Hafsat ta rasu wajen haihuwar fari, ta bar jaririya, Khairiyya. An rabar da kayanta sadaka, ƙyallen nan kaɗai ya rage. Tun Khairiyya na ƙarama kakar ta yi mata alkawari: ranar da za a kai ta ɗakin miji, da bargo za ta tafi, ƙyallen uwarta a tsakiya.

A Disambar 2013 har ta ɗaura igiyoyi, sai gari ya rikice. Harbi ta ko'ina, an tare hanyoyi, Musulmin wasu unguwanni suka kwararo Kilomita Biyar. Ba a yi shanya ba. Kafin wani lokaci manyan motoci sun fara kwashe mutane zuwa Kamaru da Chadi. Zulai na cikin masu tafiya. Ta shigo sallama da ƙullin kayanta a ka.

"Sa'a, ki ba ni ƙyallen ankon bikina. Ban san ko zan sake ganin garin nan ba."

"A hanya zai ɓace miki. A nan ya fi tsira."

Zulai ta dube ta, ta ce, "To, Allah ya sada mu da alheri." Ta fita. Wallahi abin bai yi kyau ba, ita ma Sa'adatu ta sani, amma ta kasa buɗe akwatin.

Da rikici ya matso layinsu, dole ita da Khairiyya su koma harabar Masallacin Koudoukou, inda jama'a suka fake. Akwati uku ba su ɗaukuwa a ka. Sai ta tuna yadda uwarta, mutuniyar Damagaram, ke ba da labarin binne kaya in an ji tsoron ɓarayi. Suka fasa daɓen ɗaki, suka tura akwatunan, suka mayar da ƙasa. Matar da ta shekara da shekaru tana ɗora akwati a kan bulo, ita ce da hannunta ta cusa shi cikin ƙasar Bangi. Tsoro ne ya mantar da ita cewa ƙasar Damagaram busasshiya ce.

Masu wawaso ba su ga akwatunan ba. Kwanon rufin suka kwashe, damina biyu ruwa na zuba kai tsaye a ɗakin.

Da abubuwa suka ɗan lafa, suka dawo da fartanya. Murfin farko ya rabu da akwatin saboda tsatsa. Wari ya buge su. Ƙyallayen sun manne sun zama baƙin curi, in ka ɗaga sai ya marmashe a hannu. Sa'adatu ta yi ta tonawa da yatsu tana neman kore, ba ta samu ko zare ba. Ba ta yi kuka a masallaci ba, ba ta yi kuka da ta ga gidanta ba rufi ba, amma ranar nan ta zauna a bakin ramin ta yi mai isarta.

"Dada, ki bari," in ji Khairiyya, Hausarta na karkata zuwa Sango, yaren garin, kamar ta duk yaran yanzu. "Ni ko babu bargo zan yi aure."

"Ke za ki iya. Ni ce ba zan iya kai ki ba."

Aka sa ranar bikin Khairiyya da wani mai gyaran moto, Abdulrahim. Lokacin mutane sun fara dawowa, ana buɗe shaguna, teloli sun koma kan keke. Sa'adatu ta sake bin su tana karɓar ragowa, ta fara haɗa bargon daga gefe. Tsakiyar ta bar ta a buɗe, ta ƙi sa komai.

Ana cikin haka wata rana da hantsi aka yi sallama. Zulai ce, ta rame, ta yi furfura, jiya-jiya ta sauka daga Kamaru. Sa'adatu ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Zulai, ƙyallenki ya ruɓe. Da na ba ki, da yana nan."

"Na ji labari tun a tasha. Ba shi ya kawo ni ba."

Ta kwance ƙullinta ta zaro wani tsohon zane. Ya koɗe, gefensa ya zare, har da tabon manja. Amma tsuntsayen na nan.

"Kin manta anko ne? Mu nawa muka sa shi ranar bikin Hafsat? Kowa nata ya ƙare, ni kuwa ban iya yar da nawa ba."

Sa'adatu ta karɓa tana juya shi. Halin nata bai bar ta ba, ta ce, "Ya sha wanki."

"Ya sha kam. Ya sha fitsari ma." Zulai ta juya ga Khairiyya. "Naki. Ranar da uwarki ta rasu, kakarki ba ta san inda kanta yake ba. Ni na ɗauke ki, da zanen nan na rufe ki, da shi kuma na yi ta goyonki har kika fara zama."

Khairiyya ta sa hannu biyu ta karɓa, ta kifa fuskarta a ciki. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Sa'adatu ta ɗauko almakashi, amma ta kasa yankawa. Ta miƙa wa Zulai. Zulai ta yanko inda tsuntsayen suka fi fitowa, su biyu suka zauna a tabarma suka cike tsakiyar bargon, mai hannun manja na riƙe da gefe guda.

Yanzu akwatin Sa'adatu ɗaya ne, yana kan bulo, da kafur ɗinsa. Amma duk ƙyallen da ta samo, biyu take raba shi: rabi a akwati, rabi ta aika gidan masu bikin. In aka tsokane ta cewa Sa'a Mai Ƙyalle ta koyi kyauta da tsufa, sai ta harari mutum ta ce ita ba kyauta take yi ba, ajiya ta bayar.