Ranar da Tayar Gaba Ta Tsayar da Mu a Zakka

Ana idar da sallar asuba muka bar Batsari, ni da ɗana da matarsa, a tsohuwar motarsa, za mu Safana. Jikata ce ta yi haihuwar fari, ranar kuma suna. A gidanmu, tsohuwar gida ke riƙe jariri wanzami ya yi masa aski, ni kuwa ban taɓa bari ya wuce ni ba.

Hanya ta yi kyau, gero ya sunkuya dama da hagu, shanu sun ƙoshi. Sai dai tun daga bakin gari ƙafar gaba take wani gurnani, ɗana kuwa maganin da ya yi mata shi ne ƙara muryar rediyo. Da muka kusa Zakka sitiyari ya kama rawa a hannunsa, dole ya tsaya.

Wani bakanike da ke gindin bedi ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar ya girgiza, tana lilo kamar haƙorin tsohuwa. Ya ce boris, wato ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa, ya cinye, irin wannan kuma a haɗe yake da gidansa, sai a canza su tare. Ɗana ya roƙa a cusa giris mu lallaɓa.

"Alhaji, da Inna a ciki? Ba da hannuna ba," in ji bakaniken.

Aka tura mai babur Safana ya sayo sabo. Muka zauna kan tabarma, wata Bafulatana ta dama mana fura. Nonon ya yi tsada, amma babu ruwa a cikinsa. Ina sha, rana tana ɗagawa, zuciyata tana wurin askin.

Sai da hantsi ya dubi ludayi aka ɗaure tayar. Da muka isa Safana, mun tarar an yanka rago, maza sun watse. Na shiga gida, sai ga wanzami zaune a zaure, an kewaye shi da kwanoni. Ashe matan gidan ne suka yi ta ɗura masa waina da kunu don kada ya fara.

"Hajiya, da kin ƙara jimawa, sai dai a ɗauke ni a amalanke," in ji shi.

Na karɓi jaririyar, aka yi aski a kan cinyata.

Washegari muka dawo gida lafiya, alhamdu lillahi. Abin da na riƙe daga tafiyar nan shi ne, in abu ya fara kuka a duba shi tun a gida. In kuma an makara, Allah ya sa akwai masu jiran mutum.