Ruwan Ƙarshe a Gonar Rosendo

Rosendo Buitimea ya shekara talatin da ɗaya yana noman alkama a kwarin Yaqui. Kadada shida gare shi a can ƙarshen magudana, inda ruwa ba ya isowa sai kowa ya sha. Shekarar da ruwan dam ya ja baya, aka ce ban ruwa biyu kowa zai samu maimakon huɗu. Na biyun ma, da mai buɗe ƙofar ruwa ya auna, ya ce rabin gonar kaɗai zai iya shayarwa.

Iri biyu ya shuka. Gabas irin da ya gada wurin mahaifinsa, kore shar. Yamma sabon iri ne da 'yarsa Nereida ta kawo daga gonar gwaji, inda take aikin auna ganye. Wannan ya yi toka-toka, da rana ta take sai ganyen ya nannaɗe kamar sigari.

Kwana uku Rosendo bai ci abin kirki ba. Ya san idan gonar ta faɗi bana, sai dai ya ba manyan manoma haya, ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Maƙwabtansa biyu haka suka ƙare. A kwarin kuwa, tun kakanni, shukar da ta yi yaushi ita ake fara ba ruwa.

"Baba, kada ka ba na yamma," in ji Nereida. "Ba mutuwa yake ba, bakinsa ya rufe don kada ruwa ya tsere. Abin da ya tara a kara zai kai shi. Naka ne ke tsaye a rana baki buɗe, kamar kawu Chuy a gidan biki."

"To, malama. Wata shida da riƙe na'ura, har kin fi idona gani?"

"Idonka kala yake gani, tsoho."

Ranar da ruwa ya zo, ya daɗe tsaye tsakanin ɓangarorin biyu, riƙe da shebur. Ya dubi ganyen da ya nannaɗe, ya kasa jurewa. Ya fasa kunyar yamma da shebur, ruwa ya kwarara cikin sabon irin.

Bayan mako uku iska mai zafi ta taso. Na gabas ya bushe ya yi fari cikin kwana huɗu. Rosendo ya tsinko zangarniya, ya murje a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin. Ƙwayar ta motse, siririya, ba nauyi. Ya matsa gaba ya tsinko wata, ya sake tsinko wata, har ya kai bakin hanya. Can wata farar mota ta masu neman hayar gona ta rage gudu daidai gonarsa.