Yayana Mai Tafureta da Linzamin Kwamfuta

Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa. Yaya ne babba, ni ce auta, kuma duk gidan an san babu masu taurin kai kamar mu biyu. Ni tela ce, ina da shago a bakin titi, kekuna biyu da teburin yanka. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tafureta a ofishin ajiye takardu, a tebur guda, kusa da taga. Da wannan aikin ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Yakan buga wasiƙa yana hira da kai, ko kallon yatsunsa ba ya yi, kuma in ka ce ka ga kuskure a ciki, to kai ne ba ka iya karatu ba.

Tattalin kayan aiki kuwa, nasa har ya yi yawa. Kowace Juma'a kafin a tashi sai ya buɗe tafureta, ya goge haruffan da tsohon burushin haƙori, ya bi gaɓoɓinta da mai ɗigo-ɗigo. Man keken ɗinki yake sa mata, kuma a shagona yake ɗiba, ba ya ko tambaya. A wurinsa duk abin da ke juyawa mai yake buƙata. Ƙofar gidansa ba ta ƙara, fankarsa ba ta ƙara, almakashina ma bai tsira ba.

Ana nan sai aka kawo musu sabon manaja, shi kuma ya zo da kwamfuta takwas. Aka kwashe tafuretoci aka jibge a lungu. Manajan ya tara su ya ce ƙarshen wata zai gwada kowa ɗaya bayan ɗaya: ka buɗe takarda a kwamfuta, ka gyara, ka adana, ka fitar da ita a firinta. Wanda ya kasa za a mayar da shi ɗakin ajiya na ƙasa, inda ake tara tsofaffin fayiloli, babu taga, sai ƙura da ɗaukar kaya. Yaya ya ce mini shi dai da ƙafarsa ba zai sauka ɗakin nan ba, gara ya ajiye aikin.

Rubutun bai ba shi wuya ba ko kaɗan, ai haruffan suna inda ya san su. Matsalar ita ce linzamin kwamfuta, ɗan abin nan mai igiya da ake turawa a kan tebur, wata 'yar kibiya tana binsa a fuskar kwamfutar. Nasu irin na dā ne, mai ƙwallon roba a ciki. Makon farko ya fara kamawa, har yana zuwa shago yana yi mini fankama. Daga mako na biyu abu ya rikice. Ya tura linzami, kibiya ta tsaya cak. Ya sake turawa, ta yi tsalle ta faɗa can kusurwa. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa hannunsa ne ya tsufa.

Matarsa ce ta tsegunta mini. Ta ce abinci ma ba ya ci sosai, sai ya zauna da sabulu a hannu yana tura shi a kan teburin falo, wai yana koya wa hannunsa natsuwa. Na ji abin har cikin raina. Mutumin da hannunsa ya ciyar da mu duka, yau shi ke zaune yana lallashin sabulu!

Ranar Juma'a da yamma ya shigo shago, ya zauna a benci, ya miƙo mini ambulan. Takardar ajiye aiki ce. Ya ce ranar Litinin ne gwajinsa, kuma ba zai bari a yi masa dariya a gaban yaran da shi ya koya wa riƙe fayil ba.

Na ce, "Haba Yaya! Kai da kanka? Ɗan abin da bai kai tafin hannu ba ne zai kore ka?"

Ya ce, "Auta, ba ki gane ba. Hannun ne ya ƙi."

"Wane hannu? Jiya-jiya ka zura mini zare a allura ba tabarau. Gobe da safe ka kai ni in ga abin nan da idona."

"Ke me kika sani a kwamfuta?"

"Ban san komai ba. Amma sai na gani."

Na jefa ambulan ɗin a aljihun kekena na kulle. Ya yi faɗa, na yi faɗa, a ƙarshe dai ya gaji ya ce to.

Da yake shi ne mafi daɗewa a ofishin, yana da makulli. Asabar da hantsi muka shiga, babu kowa sai mai gadi a ƙofa. Ya kunna kwamfutar ya ce in gwada. Na tura linzamin, kibiya ta ƙi. Na sake, ta zabura. Na ce to ni ma hannuna ya tsufa ke nan? Da na ɗaga hannu sai na ji yatsuna suna santsi. Na shinshina. Wallahi ko a mafarki na san warin nan, man kekena ne.

Na ce, "Yaya, me ka sa wa abin nan?"

Ya ce, "Mai na ɗiga masa mana. Na ji ƙwallon yana ɗan gurzawa."

Dariya ta kama ni har sai da na dafa tebur. Ya tsaya yana harara ta. Da na samu numfashi na ce masa, "Ka san 'yar robar nan da ke naɗa zare a jikin keke? Mai ya taɓa ta, shi ke nan, sai ta riƙa sulɓewa ba ta juya komai. Roba kamawa take yi. Ƙarfe ne ke son mai."

Muka kifa linzamin. Akwai wani zobe a ƙasansa, na murɗa shi, ƙwallon ya faɗo a tafina yana naso. A ciki akwai 'yan sanduna da ƙwallon ke juyawa, duk sun yi baƙi, mai ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Na aike shi, e, ni auta na aiki Yaya, ya samo ruwan ɗumi da sabulu wurin mai gadi. Na wanke ƙwallon tas, na goge da ƙyallen da ke jakata, muka bar shi ya sha iska. Sandunan kuma na kankare su da tsinken ashana, na bi da auduga. 'Yar shimfiɗar da ake tura shi a kai ita ma ta sha mai, sai da muka wanke ta muka shanya a taga.

Da komai ya bushe muka mayar. Ya ɗora hannu a hankali, ya tura. Kibiya ta bi shi. Ya kai ta dama, ta je. Ya zana da'ira, ta zana. Ya juyo ya dube ni bakinsa a buɗe, ya ce, "Ashe ba ni ba ne." Sau uku ya faɗi haka.

Sai kuma na ga fuskarsa ta canza. Ya bi sauran teburan da kallo.

Ya ce, "Auta, duka takwas na sa wa."

Ashe alheri ya yi wa abokan aikinsa, ran nan da ya riga kowa zuwa. Kowa kuma ya yi shiru da matsalarsa, yana tsoron a ce bai iya ba. Mafi muni, jiya Juma'a an fara gwajin da matar da ke riƙe rajista, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Kibiya ta ƙi ta, ta faɗi, an ce ranar Litinin ta sauka ɗakin ƙasa.

Muka zage muka wanke sauran bakwai, har azahar ta wuce. Ba zan ɓoye ba, ni ce na ce masa ya ja bakinsa ya yi shiru. Na ce komai ya gyaru, ranar Litinin zai ci gwajinsa, wa zai sani?

Ya ce, "Matar rajistar fa?"

Na ce, "Yaya, in ka faɗa, mutumin nan zai ce ka lalata kayan ofis. Korarka zai yi, ba ma ɗakin ƙasa ba."

Ya ce, "Ya kore ni. Ba zan zauna a bakin taga ina shan iska tana ƙasa tana shaƙar ƙura a kan laifina ba."

Na yi masifa har bakin titi, ko gezau. Haushinsa nake ji, kuma ina jin kunyar kaina.

Ranar Litinin na rufe shago na bi shi. Ya ce in koma, na ce hanya ta kowa ce. Mai gadi ya bar ni na tsaya a baranda, inda nake hango cikin ofishin ta taga. Manaja na shigowa Yaya ya miƙe. A gaban kowa ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, ya ce matar rajista ba ta faɗi gwaji ba, shi ne ya kayar da ita.

Wasu suka tuntsire da dariya. Matar ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da kwalin kayanta, ta ce, "Baba, kwana uku ina kuka ina cewa ni daƙiƙiya ce." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ta yafe masa.

Manajan ya yi ta faɗa, wai wa ya sa shi, wai kayan ofis ba na gidansu ba ne. Sannan ya ce matar ta ajiye kwalinta, gobe za a sake gwada ta. Ya juya ga Yaya ya ce, "Kai kuma yanzu, a gaban kowa. Minti goma, sau ɗaya. Ka kuskure, ka san sauran."

Yaya ya zauna. Ya goge tafinsa a wando, ya kama linzamin, ya kai kibiya kan takardar. Wurin danna maɓallin linzamin sai ya buga da ƙarfi irin na tafureta, linzamin ya goce, takardar ta ƙi buɗewa. Wani ya yi tari. Yaya ya ja numfashi, ya kafa gindin tafinsa a tebur, ya danna sau biyu a hankali da kan yatsa. Ta buɗe.

Daga nan kuma sai buga rubutu, ai an shigo gidansa. Yatsun nan suka hau aiki, ofis ya yi tsit sai ƙarar bugu. Ya adana, ya tura firinta, takarda ta fito da ɗuminta. Manajan ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya sake karantawa yana bin layi da biro. Ya duba agogo. Ya ajiye takardar ya ce, "Koma teburinka."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Can sai ga Yaya ya leƙo baranda, idanunsa jajur, yana ta ƙoƙarin ɗaure fuska.

Ya ce, "Ke har yanzu kina nan? Tafi shago mana, mutane na jiran ɗinkinsu."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ni aiki gare ni. Wasiƙu goma sha biyu ke jirana a tebur."