Muryar Ubale Mai Sanarwa

Yayana Ubale shi ne mai sanarwa a ƙauyenmu da ke ƙasan dam ɗin Tiga. Da lasifika ɗaure a bayan keke yake zaga gari. In an yi rasuwa daga bakinsa za ka ji, haka in saniya ta ɓace ko za a sako wa masu noman rani ruwa. Tun da ya gaji aikin daga babanmu ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ba shi da gona, ba shi da kwalekwale, yardar da mutane suka yi da muryarsa ita ce duk abin da ya mallaka.

Sai dai bawan Allahn nan yana da wata cuta, ƙirƙirar labari. Ya daɗe yana fama da wani littafi a kan wasu mutanen ƙarfe da kogunan duniyarsu suka ƙafe, suka sauko daga sama satar ruwanmu. Da yake rubutu na ba shi wahala, a waya yake ɗaukar muryarsa babi-babi. Ni ya fara kunna wa ina suyar kifi. Na ce masa ban ga abin da zai taso mutum tun daga sama a kan ruwan da kwaɗi ke wanka a ciki ba. Ya ce, “Balaraba, ke kifi kika sani,” ya kwashi wayarsa.

Daga nan ya kai wa Malam Zakari na firamare, mai yawan karance-karance. Malam ya saurara tsaf, ya ce labari akwai ma'ana, amma farkonsa salam yake kamar miya ba gishiri, kafin a gama lissafa taurari mai sauraro ya yi barci.

“Ka fara da abin da zai tsinka zuciya,” in ji shi. “Kai fa mai sanarwa ne, yi da abin da ka iya.”

Ubale kuwa ya yi. Ya buɗe babin da sallamar nan tasa da kowa ya sani, ya ce jama'a a saurara, bangon dam ya tsage, ruwa na tafe, kowa ya kwashi iyalinsa ya nemi tudu. Sai bayan wannan ne labarin yake faɗin cewa shekara ɗari gaba ake magana. Malam Zakari ya ji daɗinsa, ya tura wa 'yan uwansa malamai don su tofa albarkacin bakinsu. Oho, ko wane mara tsoron Allah ne ya yanke farkon kaɗai, kafin azahar ya shiga kowace waya, ga shi ranar kasuwa.

Ina bakin kaskona kasuwa ta ɗauki ihu. Aka kifar mini da mai, har yau tabon yana ƙafata. Shanu suka tsinke igiya suka bi ta kan rumfuna, mata na gudu da goyo a hannu, 'yan acaba na ture mutane. Babu wanda ya tsaya tambaya, ai Ubale ne ya faɗa. A ƙofar kasuwa aka tattake Baba Wada mai sayar da igiya, tsohon da ko tafiya da ƙyar yake yi.

Shi gogan, Ubale, yana gida yana gyaran keke, bai san wainar da ake toyawa ba. Da mutane suka gaji da zaman tudu ba su ga ruwa ba, suka sauko kansa. Mujitaba ɗan Baba Wada ne a gaba, da itacen tuƙa kwalekwale. Ubale ya fito yana cewa labari ne, a bari ya kunna sauran a ji. Bugun farko a baki ya same shi, haƙora suka zubo. Suka ja shi cikin kwata, masu ƙafa na yi da ƙafa, masu dutse na yi da dutse, wani ya taka masa maƙogwaro. Na faɗa kansa ina zagin uwar kowa, nima na sha nawa. Malam Zakari ya zo raba su aka fasa masa goshi. Da liman bai kwanta a kan Ubale ba, wallahi da gawa za mu ɗauka.

Na tsani mutanen nan a ranar, kuma har yanzu ban gama yafewa ba. Amma da na ga Mujitaba yana kuka a bakin asibitin da aka kwantar da babansa, na rasa wanda zan zaga.

Aka dawo da Ubale gida baki ɗaure, magana sai da hannu. Likita ya ce zai rayu, amma muryar kada a sa rai. Washegari da hantsi ina ba shi kunu a cokali muka jiyo wani mai baƙuwar murya yana zagawa da lasifikar masallaci, yana in-ina, yana cewa Allah ya yi wa Baba Wada rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar. Ubale ya ture cokalin, ya juya fuskarsa ga bango.