Turancin Bakin Rijiya

A bazarar 1974, bayan daminar da gero ya bushe mana yana tsaye, wata ranar Laraba da hantsi Malam Sabo ya iske ni a bakin rijiyar ƙauyenmu, kusa da Gagarawa, ina riƙe da igiyar hancin sanmu. Ya zo da bulala a hannu, don ya shiga ajinmu na bakwai ya tarar da benci ya fi yara yawa. Ya dubi layin tuluna, ya dubi san da haƙarƙarinsa duk sun fito, ya dube ni. Sai ya yar da bulalar, ya tattare rigarsa ya ce, "Tunda aji ya ƙaura rijiya, ni ma na ƙaura."

Sunan san nan Baƙi, kuma shi kaɗai ya rage mana cikin abin da Baba ya tara. Ruwa ya yi nisa ƙwarai a shekarar, hannu ba ya iya wuni yana ja, don haka Baƙi ke ja wa rabin gari. Baba yana tsayawa a bakin rijiya ya tari guga, ni kuma in kora san ya yi ta tafiya da igiya har sai na ji an ce guga ya fito, sannan mu juyo. Wanda aka cika wa tulu ya kawo ɗan garin rogo, wani dusa, da su muke kwana. Maƙwabtanmu sun riga sun ɗaure kaya sun yi kudu, gida bayan gida. Baba kuwa ya faɗa a gaban kowa, kuma shi ba ya magana biyu: "Ranar da Baƙi ya faɗi, mu ma mun tashi." Ni kuma jarrabawar shiga makarantar kwana ce ke gabana a Gumel. Idan muka tashi kafin ta zo, karatu ya ƙare ke nan, kuma ban ɓoye ba, abin da ya fi jan raina shi ne an ce a can ana cin abinci sau uku.

Turanci ne ciwona. Lissafi kam ko a barci aka tashe ni, amma akwai wasu jimloli biyu masu kama da juna da suka hana ni sakat. Malam Sabo, mutum siriri mai saurin fushi da saurin hucewa, ya riƙa bin mu da ƙafa, ni da sa, yana taka kashin shanu da takalminsa na zuwa masallacin Juma'a. Ya ce muddin guga na cikin rijiya muna ja, aiki bai ƙare ba, in riƙa cewa "I have been drawing water since morning." Da zarar Baba ya ce ya fito, aiki ya kammala, ga ruwa kowa na gani, sai in ce "I have drawn water." Haka muka yi ta kai da kawowa. Wata rana ya sauya ya sa ni jira, ko tafiya, ko sharar gida, amma kullum a kan ruwan muke ƙarewa. Matan da ke layi suka sa mini suna Bature, Baba kuma ya ce wannan surutun ba ya cika tulu. Abin dariya, Baƙi ya riga ni ganewa. Da ya ji gajeriyar jimlar sai ya juya da kansa, tun ban ja igiya ba. Malam ya ce, "Kai, da sa zan kai Gumel da na huta."

Dariyar ba ta daɗe ba. Baƙi ya fara tsayawa a tsakiyar hanya yana huci, ƙafafunsa na rawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na hau kowane gawo da ke dajinmu ina kakkaɓo masa 'ya'ya, har ƙaya ta farfasa mini tafin hannu. Da suka ƙare na koma zarar ciyawar rufin ɗakin Inna ta baya, inda na ɗauka ba za ta gani ba. Ta gani, ta kau da kai. Ɗan kunun da ake ba ni da safe nakan kurɓi rabi in kai masa rabi, in tsaya ina shafa wuyansa ina roƙonsa ya daure, ina roƙon Allah ya ara mini shi ko zuwa ranar jarrabawa ne.

Ana saura mako guda ya durƙusa, guga na tsakiyar rijiya. Na ja, na lallaɓa, na doke shi ina kuka, abin da ban taɓa yi ba. Da na rasa yadda zan yi sai na sa baki a kunnensa na yi masa gajeriyar jimlar nan, ko zai ɗauka an gama. Ya motsa kunne, ya yunƙura zai juya, ya koma. Kafin azahar aka kira mahauci. Na zauna a turɓaya ina kallon wuƙa, na san ba shi kaɗai ake yankawa ba, har da Gumel. Inna ta shiga ɗaki ta fara haɗa ƙore.

Washegari da sassafe na ga Baba ya naɗe tsohon buhu a kafaɗa, ya ɗauki igiyar Baƙi da ƙaramin guga ya nufi rijiya. Na bi shi ban san me zai yi ba. Ya tsayar da ni inda yake tsayawa, ya zura guga, ya rataya igiyar a kafaɗarsa, ya juya wa rijiya baya. Mutumin da ake gaishe shi a durƙushe, ga shi a hanyar sa, mata na sunkuyar da kai. Bai dube ni ba ya ce, "To Bature, in ya fito ka faɗi abin naka, in san lokacin juyawa."

Mako guda ya yi yana ja, ni ina tarar guga ina ɗaga murya da Turanci. Buhun bai hana komai ba, kafaɗar ta saluɓe har rigarsa na mannewa. Sai da na dawo daga Gumel suka tashi, suka bar ni a hannun Malam Sabo. Sakamako ya fito na ci.

Yanzu an cike rijiyar, ga famfo mai aiki da hasken rana, yaro ya murɗa ya cika jarka yana danna waya. Na yi shekara da shekaru ina koyar da Turanci, kuma duk ajin da na kai kan jimlolin nan biyu da ruwa nake ba da misali, yara na mamakin yadda muryata ke sauyawa. Baba ya rasu da tabon igiyar a kafaɗarsa, bai taɓa tambayata ma'anar abin da nake faɗa ba. Shi dai ya san in ya ji, ruwa ya fito.