Waƙar da Kawu Gwadabe Ya Zaɓa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Anguwan Rogo ya san Kawu Gwadabe, in bai san sunansa ba to ya san tarinsa. Yayan mahaifiyata ne. Dogo ne siriri, kumatunsa sun zube kamar aljihun tsohuwar riga. Mutane suna zaton yunwa ce, alhali busa ce ta buɗe su tun yana yaro.

Ubansa, wato kakana, mai algaita ne. Daga wajen Ningi ya biyo 'yan haƙar kuza ya sauka a Barikin Ladi, yana busa wa shugabannin lebura take, ranar hutu kuma ya tara jama'a a filin bariki. Da tsinken kara da kofin ruwa ya koya wa Kawu sana'ar. Za ka tsoma tsinken ka yi ta hurawa, ruwa yana ɓulɓula, kana jan iska ta hanci kana tura ta kumatu. Ruwa ya tsaya, ranƙwashi ya sauka. Dokar tsohon guda ce: ba a yanke busa a gaban babba. In ka tsaya jan numfashi a gaban mutumin da kake yi wa, to ka juya masa baya ke nan, gara ma ka zage shi.

Kawu ya iya busar, amma ya gudu ya bar ta, domin dangin Inna Binta sun ce ba za su ba maroƙi 'yarsu ba. Ya shigo Jos, ya kama rumfa a kasuwar Taminus yana sayar da takalman roba da lema. Shekarar da kasuwar ta ƙone, ya kutsa cikin hayaƙi don ya ceci kayansa. Ya fito da buhu guda a kafaɗa, jama'a suna ta barka. Da aka kwance buhun sai aka ga na talla ne, duk ƙafar hagu. Tarin ma a nan ya samo shi, shi kam cikakke.

Daga nan ya zama maigadi a wata makarantar kuɗi ta wajen Jos Jarawa. Ya daɗe a ƙofar nan har yaran da ya tsallakar da su titi suka fara kawo nasu 'ya'yan. Makarantar tana da ɗakin kayan kiɗa, makullin yana hannunsa saboda shara. A can ƙarƙashin tebur ya tsinci wani tsohon saksofon, wannan abin busa na tagulla mai lanƙwasa kamar lauje, gefensa ya loɓa, ba mai taɓa shi. Shi bai taɓa kiransa da sunansa ba, algaitar Bature yake cewa. Ranakun Asabar da rana, in makaranta ta yi tsit, sai ya rufe ƙofa ya yi ta lalube, har yatsunsa suka gane hanya.

Malamar kiɗa ce ta kama shi, Madam Obianuju, 'yar masu shagon fenti a Dilimi. A Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai kowa da komai namiji ne a wurinta. Ta ce da ta ji sautin daga waje ta ɗauka mutum biyu ne suke karɓa-karɓa, don ba ta ji inda aka tsaya ba. Ta leƙa ta ga maigadi, hula a gefe, kumatu kamar ya ɓoye lemo biyu. Kawu ya miƙe zai ba da haƙuri, ta ce, "Baba, zauna. Sake yi."

Haka suka yi ta tafiya, tana nuna masa abin da ya sawwaƙa, har mai makarantar ya rasu, ɗansa ya karɓa. Sabon oga ya ce zamani ya wuce maigadi mai buta da tabarma, zai kawo na kamfani masu kaki da usur. Kawu zai tafi ƙarshen zango. Madam ta je ta roƙa a bar shi a ɗakin kiɗa, ya riƙa kula da kaya yana riƙe wa ƙananan yara hannu. Oga ya ce ya yi wa iyaye alkawari duk wanda ke ɗakin nan yana da satifiket. In tsoho zai iya cin jarrabawar matakin farko, wadda 'yan firamare suke yi, ya zauna. In ya faɗi, shi ke nan, ga ƙofa, ai ya fi kowa saninta.

Ranar da za a zaɓi waƙoƙin jarrabawar ina wurin. Unguwarmu babu wuta, na je satar cajin waya. Madam ta buɗe littafin a kan fiyano ta yi masa bayani. Waƙoƙi ne kashi uku, a kowane kashi mutum zai ɗauki ɗaya. Akwai kuma wurin da za a ba shi takarda ya busa abin da bai taɓa ji ba.

"Wannan kam ka faɗi tun yanzu, Baba," in ji ta. "Ba ka karanta alama, da kunne kake yi. Saboda haka waƙa ukun nan su ne za su ɗauke ka. Ka zaɓi wanda ba zai wahalar da kai ba."

Ta fara kaɗa masa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ya ce wannan ai mai sayar da askirim ne ya shigo layi. Ta biyu, ya ce kiɗan waya ne, in ya busa mutane za su fara laluba aljihu. Wata kuma da ta zo da nauyi-nauyi, ya dube ni ya ce, "Kai, in na busa wannan a unguwa, gobe liman zai aiko a tambaye ni ko lafiya." Madam ta yi dariya har ta kifa kai a kan fiyano. Da ƙyar dai aka samu biyu, wata ta tafiyar sojoji da wata mai rawa-rawa.

A kashi na uku aka yi rigimar. Madam ta nuna wata 'yar gajera ta ce ita ta dace da shi: ka busa kaɗan, ka huta, ka busa kaɗan, ka huta. Ta kaɗa masa. Kawu ya ɓata rai.

"Madam, wannan ai tari ne aka rubuta. Ina da nawa a gida."

"Shi ya sa na ce ka ɗauke shi. Yana ba ka wurin numfashi."

"Wuce gaba."

Ta gaban a hankali take tafiya, sautinta dogo, yana hawa yana sauka kamar mutum yana kiran wani daga tsallaken rafi. Tun kafin ta kai rabi Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce ta yi kama da abin da tsohonsa yake busawa in rami ya rufta da mutane, ana jiran a tono su.

"Wannan nake so."

"Baba, wannan yana cin ƙirji. Yara ma masu sabon huhu suna gudunsa."

"Ƙirji ai shi kaɗai na gada."

"Kuma duba nan." Ta ɗora yatsa a kan wata 'yar alama kamar tsutsa. "Nan da nan, za ka yi shiru, ni kaɗai zan kaɗa. Shirun ma ana ba shi maki. In ka busa a kai, ka yi kuskure."

"A ba mutum maki don ya yi shiru? Da haka ne da Binta ba ta taɓa cin jarrabawa ba."

Na sa baki na ce, "Kawu, ka ɗauki ta tarin mana, ai ka riga ka haddace." Ya ce in cire wayata in ba su wuri. Madam ta ƙara lallashi, ta ce ba gasar daɗi ake yi ba, aikinsa ake nema a cece. Ya ce ya ji, amma shi ba zai tsaya a gaban baƙo da furfurarsa yana fit-fit kamar ɗan tsako ba. Ta ɗauki biro ta rubuta sunan doguwar.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Duk yamma bayan an tashi suna ɗakin nan. In sun zo wurin tsutsar, Madam takan ɗaga haɓa, shi kuma ya cire bakinsa ya jira, yana harararta kamar an ƙwace masa kwano. Har ya saba. Inna Binta tana dafa masa citta da kanumfari, tana mita. "Malam, an raba ka da busa don ka aure ni, yanzu da tsufa ka koma, kuma wai har da jarrabawa." A shagon mai shayi kuwa sun sa masa suna Ɗan Firamare. Yakan yi murmushi kawai. Ni na san ba ya barci sosai, don Inna ta gaya wa mahaifiyata cewa in aikin nan ya tafi ba ta san inda za su dosa ba.

Jarrabawar ta faɗo tsakiyar damina, irin kwanakin nan da Jos take wuni cikin yayyafi, sanyi yana shiga har ƙashi. Kawu ya tashi da mura, hanci a toshe. A wani zaure cikin gari aka yi. Na raka shi, ba don komai ba sai don in ga yadda zai zauna a benci ɗaya da yara. Haka kuwa aka yi: ga shi da babbar rigarsa ta Juma'a, hagu da dama 'yan shekara bakwai da takwas da gorar ruwansu. Wata yarinya ta tambaye shi jikansa ne zai shiga? Ya ce a'a, kakan ne da kansa.

Da aka buɗe ƙofa aka kira shi, na hango mai jarrabawar. Dattijo ne mai cikar kamala, kansa fari fat, da tabarau da kwat, yana zaune bayan tebur. Na ga Kawu ya rage tsawo ya gaishe shi da hannu biyu, har yana neman cire takalmi. Madam ta zauna a gaban fiyano, aka rufe ƙofa. Na koma jikin taga.

Ta sojoji ta wuce lafiya. Mai rawa-rawa ma ba laifi, sau ɗaya ta yi ƙara kamar an taka agwagwa. Sai aka shiga doguwar. Wallahi ban taɓa jin ya busa ta haka ba. Iyayen da ke hira a baranda suka yi tsit. Aka zo wurin shirun farko, na ji fiyano ya shigo shi kaɗai yadda aka tsara, amma sautin Kawu bai ɗauke ba. Ya riƙe shi, ya ja shi ya haye kan na Madam. Daga baya ta ce ta ɗaga haɓa har wuyanta ya yi ciwo, shi kuwa idonsa yana kan dattijon, ko kallonta bai yi ba. Wurin shiru na biyu ma haka. Ba hutu ko ɗaya tun daga farko, ga hanci a toshe, ba ta inda iska za ta shiga. Sautin ya fara rawa, ya sirance, sai ya tsinke. Abin da ya biyo baya duk layinmu sun san shi. Ya yi ta tarin har aka buɗe ƙofa aka nemi ruwa. Dattijon da kansa ya ce ya huta ya sake daga tsakiya. Kawu ya sa baki, ba abin da ya fito sai iska.

A hanyar dawowa, da muka kusa rabuwa, Madam ta juyo ta dube shi. Idonta ya yi ja.

"Baba, me ya sa? Mun yi wannan abu kullum. Kullum kana tsayawa."

"A gabanki nake tsayawa, Madam. Ke 'yata ce." Ya share baki da hannun riga. "Wannan kuwa babban mutum ne, ya taso daga nesa ya zauna don ya saurare ni. In yanke masa busa a fuska?"

Sakamako ya zo, bai kai ba. Madam ta ce kaɗan ya rage, da gajerar ya ɗauka da ya tsallake ko da ya yi tarin a ciki. Ta koma wurin oga, oga ya ce magana ɗaya yake yi. Ƙarshen zango Kawu ya goge saksofon da tsumma, ya kwantar da shi a akwatinsa, ya miƙa makulli, ya naɗe tabarmarsa.

Yanzu guga yake yi a shagon wani tela a bakin layinmu, da dutsen guga na gawayi, abin da likita ya ce ya nisanta. Inna Binta ta fara sayar da ƙosai da safe. In an tsokane shi da zancen jarrabawa yakan ce waƙar ba ta da laifi, kuma ko gobe ita zai sake ɗauka.

Madam ta aiko masa cewa ana sake yi baɗi, ya riƙa zuwa ranar Asabar yana taɓa abin kada yatsunsa su manta. Sau ɗaya ya je. Ya tarar da wani yaro cikin kaki a ƙofar, da sanda da usur. Yaron ya leƙo ta 'yar taga ya ce, "Baba, wa kake nema? Yau ba makaranta." Kawu ya ce Madam ce ta ce ya zo. Yaron ya ce ba a bar masa sunan kowa ba, in yana so ya jira a waje ya kira oga. Kawu ya tsaya jim kaɗan yana duban ginin, sannan ya ce a bar shi, ba sai an tashi oga ba. Ya tako da ƙafa har gida cikin yayyafi, bai sake komawa ba.